Rago Ma Ya Zama Alhaji: Abin Dariya a Hanyar Dambatta

Yau labarin wata tafiya zan ba ku, wadda muka fara da kuka, muka ƙare da dariya.

Ranar wata Lahadi da kaka, ranar da kasuwar Dambatta take ci, Inna ta ce in raka autarmu makarantar kwana a Kano. Yarinyar ba ta taɓa kwana nesa da gida ba. Tun daga ƙauyenmu take sharar hawaye, har ta rantse in an sauke ta sai ta gudo. Gabana ya faɗi, don na san da ƙyar Baba ya yarda ta ci gaba da karatu.

Lallashi ya ƙi ci, sai na tuna wasan da kakarmu take yi mana in za mu gona. Na ce, “Auta, dubi can, rumbu ya yi ƙafa zai ci kasuwa!” Jaki ne aka lafta wa karan dawa, ba ka ganin komai sai ƙafafu huɗu. Ta ɗan leƙa ta taga, ta kau da kai.

Can sai ga wani a babur, ya zaunar da rago tsakaninsa da yaronsa, ragon ya ɗaga kai yana kallon jama'a. Na ce, “Ga Alhaji nan za shi ɗaurin aure.” Wallahi sai da wata tsohuwa a motar ta ƙyalƙyale da dariya. Na nuna mata kuka, na ce gwaggo ce ta ɗaga hannuwa tana salati. Na nuna mata gawo, mai zubar da ganye da damina ya tofo da rani, na ce, “Wannan ɗan uwanki ne a taurin kai.” Sai ta yi murmushi.

Da muka iso Dawanau, babbar kasuwar hatsi, ita da kanta ta taɓa ni. Ta ce, “Yaya, dubi buhunan can, sun yi sahu kamar 'yan aji ɗaya.” A Kurna kuwa da ta ga A Daidaita Sahu, baburan nan masu ƙafa uku da suka shigo Kano a 2005, cewa ta yi 'yan tsaki ne uwarsu ta ɓace musu.

A bakin ƙofar makaranta na ce mata, “Kullum ki nemo abu ɗaya mai ban dariya ki rubuta mini.” Da ta zo hutu, littafi guda ta cika. Ba ta gudo ba, bana ma take rubuta jarrabawar fita.

To 'yan mata, in kewa ko ɓacin rai ya kama ku a hanya, ku ɗaga kai ku duba. Sai dai a kiyaye, a yi dariyar jaki da rago, ban da yi wa bawan Allah ba'a.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.