Oba-obar matuƙin jirgin sama: abin da take yi idan lantarkin jirgi ya ɗauke

Daga Agadas zuwa Dirku tafiyar fiye da kilomita 500 ce ta sama, daga Njamena zuwa Faya kuwa ta haura kilomita 700. Mafi yawan hanyar rairayi ne da duwatsu, babu gari, babu layin wayar salula. Ƙananan jiragen da ke ɗaukar marasa lafiya, magunguna da ma'aikatan agaji suna bin irin waɗannan hanyoyi a kai a kai, kuma abin da ke haɗa matuƙi da mutanen ƙasa shi ne rediyon da ke jikin jirgin. Idan wannan rediyo ya yi shiru, matuƙa da yawa kan miƙa hannu cikin jaka su ɗauko wata ƙaramar na'ura mai kama da oba-obar jami'an tsaro.

Yadda jirgi ke rasa murya

A ƙananan jirage masu injin fetur, injin ba ya dogara da batir wajen ci gaba da aiki, domin yana da nasa abin tayar da wuta da ake kira magneto. Saboda haka lantarki na iya ɗaukewa gaba ɗaya amma farfela na ci gaba da juyawa. Matsalar kan fara ne idan na'urar da ke cajin batir ta lalace, ko bel ɗinta ya tsinke. Daga nan komai sai ya koma kan batir, wanda galibi ba a sa ran zai wuce kimanin rabin sa'a, sai dai idan matuƙi ya kashe duk abin da ba dole ba.

Da zarar batir ya ƙare, rediyo ya tafi, GPS na jikin jirgi ya tafi, fitilu sun mutu, haka ma na'urar da ke nuna jirgin a allon masu kula da zirga-zirga. A ƙa'idar duniya, matuƙin da rediyonsa ya lalace yakan saka lamba 7600 a wannan na'ura don a gane halin da yake ciki, kamar yadda 7700 ke nufin gaggawa. Amma ita ma da lantarki take aiki. Idan wutar ce ta ɗauke baki ɗaya, babu lambar da za ta isa ƙasa. Rediyon hannu yana da nasa batir, shi ya sa ba ya mutuwa tare da sauran.

Bambancinta da oba-obar kasuwa

Oba-obar da 'yan sintiri da masu gadin kamfanoni ke riƙewa galibi da tsarin FM take aiki, a kan zangon da ba na jirage ba. Ta matuƙa kuwa tana magana ne tsakanin megahaz 118 zuwa 137, da tsarin AM. Akwai dalilin riƙe wannan tsohon tsari. A FM, idan mutum biyu suka danna maɓalli lokaci guda, mai ƙarfi yakan danne mai rauni, ba wanda zai san an yi karo. A AM kuwa sai a ji wata ƙara mai kama da fito, wadda ke nuna cewa saƙo ya ɓace, a sake shi. Irin wannan karon murya yana cikin abubuwan da suka haddasa hatsarin tsibirin Tenerife ranar 27 ga Maris 1977, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi taho-mu-gama a kan titin tashi, mutum 583 suka rasu.

Kamfanonin Japan biyu, Icom da Yaesu, suna cikin waɗanda suka fi suna wajen ƙera irin wannan rediyo. Wasu samfuran magana kaɗai suke yi. Wasu, kamar IC-A25N da FTA-750L, suna da GPS da kuma kunnen da ke kama tashoshin nuna hanya.

Ina muryarta ke kaiwa?

Muryar wannan zango a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, ba ta tsallake dutse. Tsawon da jirgi yake a sama shi ne ke yanke nisan da za ta kai. A lissafi, jirgin da ke ƙafa 5,000 yana iya jin tashar da ke nisan kimanin kilomita 160, wanda ke ƙafa 10,000 kuma kimanin kilomita 230.

Rediyon hannu da wuya ya cika wannan lissafi. Ƙarfinsa bai wuce wat 5 zuwa 6 a ƙololuwa ba, ƙasa da na jikin jirgi. Babbar matsalar ma ita ce 'yar gajeruwar eriyar roba da ke kansa, wadda ke cikin ɗakin ƙarfe. Sau da yawa matuƙi yana jin hasumiya sarai, amma hasumiya ba ta jin sa sai ya matso kusa. Maganin da aka saba yi shi ne injiniyan jirgi ya tanadi wata waya da za a haɗa rediyon hannu da eriyar da ke wajen jirgi, abin da kan ninka nisan sau da dama.

Abu na biyu shi ne ƙarar inji. Ƙaramar lasifikar rediyon ba ta jiyuwa a cikin jirgi mai tafiya, don haka sai an sami mahaɗin da zai jona shi da abin sauraron da matuƙi ke sanye da shi a kunne. Wanda ya bar wannan mahaɗi a gida, kusan da shi da wanda bai ɗauko rediyon ba duk ɗaya ne.

Neman hanya cikin hazo

Daga Nuwamba zuwa Maris, hazon hunturu kan rufe sararin Sahel har matuƙi ya kasa ganin ƙasa daga sama. A irin wannan rana, kogi ko titin mota da ake bi da ido sukan ɓace. A nan ne rediyon hannu mai kunnen nuna hanya ke da amfani na biyu.

Manyan filayen jiragen yankin, irin na Yamai, Njamena da Kano, suna da tasha a ƙasa da ake kira VOR, mai aiki tsakanin megahaz 108 zuwa 118. Tashar tana aika alama ta kowace kusurwa cikin digiri 360, rediyo kuma ya nuna wa matuƙi ta wace kusurwa yake daga gare ta. Kowace tasha tana maimaita haruffan sunanta da ƙarar Morse, kuma ƙa'ida ce a saurara a tabbatar ita ce kafin a bi ta.

Wannan taimako yana da iyaka. VOR kusurwa take bayarwa, ba ta faɗin nisa, kuma rediyon hannu ba ya kama na'urar auna nisa da ke tare da tashar. Ana iya gano wuri ta hanyar haɗa kusurwoyin tashoshi biyu, sai dai a Sahel tashoshin suna nesa da juna ƙwarai, da wuya a kama biyu lokaci guda. Ana koya wa matuƙa su ɗauki wannan kunne a matsayin abin da zai kai su kusa da fili, tare da taswira, agogo da kamfas, wanda shi ma ba ya bukatar lantarki.

Idan hasumiya ta yi nisa

Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 kuma hedikwatarta ke Dakar, ita ke kula da sararin samaniyar Nijar, Chadi, Kamaru da sauran ƙasashen da ke cikinta. A Najeriya aikin na hukumar NAMA ne. A hasumiyoyin ASECNA ana amfani da Faransanci da Ingilishi, a na Najeriya da Gana Ingilishi. Jirgin da ya tashi daga Maraɗi ko Garwa zuwa Kano yakan sauya zango da harshe cikin ɗan lokaci, shi ya sa ake son a adana zangunan duk hanyar a cikin rediyon hannu tun kafin tashi.

A tsakiyar sahara kuwa babu hasumiyar da za ta ji ƙaramin rediyo. Mai ji shi ne wani jirgin. Manyan jiragen da ke ratsa Nijar da Chadi tsakanin Turai da kudancin nahiyar suna tafiya sama da ƙafa 30,000, inda murya daga ƙasa kan riske su daga nesa, kuma yawancinsu suna sauraron megahaz 121.5, zangon gaggawa na duniya. Akwai kuma 126.9, wanda matuƙa ke sanar da juna inda suke a wasu sassan sararin Afirka. Matuƙin babban jirgi da ya ji kira yana iya isar da shi ga cibiyar Yamai ko Njamena. Kalmomin kiran ma ba baƙi ba ne ga mai jin Faransanci: Mayday daga m'aider ta samo asali, Pan-pan kuma daga panne, kalmar da kowane direba ya sani idan mota ta tsaya a hanya.

Tarihin sahara ya nuna abin da rashin murya ke jawowa. A watan Afrilun 1933, matuƙin nan ɗan Birtaniya Bill Lancaster ya faɗi a kudu da Reggane, a Aljeriya, yana kan hanyar Gao. Ya rayu kwana takwas a gindin jirginsa yana rubutu a littafi, ba shi da hanyar sanar da masu nemansa inda yake. Sai a 1962 sojojin Faransa suka tarar da gawarsa. A yau jirage suna ɗauke da na'urar kiran ceto mai aiki a megahaz 406, wadda taurarin ɗan adam na Cospas-Sarsat ke kamawa. Tun ranar 1 ga Fabrairu 2009 taurarin suka daina sauraron 121.5, amma jiragen ceto suna amfani da shi, kuma ta rediyon hannu ne wanda ya tsira zai iya gaya musu mutum nawa ne suka ji rauni, ruwa nawa ya rage.

Shirin da ake yi a ƙasa

Zafi yana gajarta ran batir, musamman idan an bar rediyo cikin jirgin da ke ajiye a rana. Magana ta fi sauraro cin caji nesa ba kusa ba, saboda haka ake taƙaita kira. Matuƙa da dama sukan riƙe akwatin batura masu yarwa a gefe, su gwada rediyon da hasumiya kafin tashi, su ajiye shi inda hannu zai kai ba sai an kwance bel ba. Ko a lokacin matsala, abin da ake koyarwa shi ne a riƙe jirgi tukuna, a san inda aka dosa, sannan a yi magana.

Idan rediyon hannun ma ya gaza, akwai fitilar hasumiya. Kore mai tsayawa yana nufin a sauka, ja mai tsayawa a ba wani hanya a ci gaba da zagaye, ja mai ƙiftawa kuma filin ba lafiya, kada a sauka. Da rana matuƙi kan amsa da kaɗa fikafikai.

Akwai kuma batun doka, wanda ya shafi duk mai tsallaka iyaka. Yin magana a zangon jirage yana bukatar izini daga hukumomin ƙasa, irin su ANAC a Nijar, ADAC a Chadi, CCAA a Kamaru da NCAA a Najeriya, tare da hukumomin sadarwa. Kiran wasa a 121.5 laifi ne, domin yana iya toshe muryar mai neman ceto. A yankunan da ake fama da matsalar tsaro, kamar kewayen Tafkin Chadi, jami'an shingen bincike suna sa ido sosai kan kayan sadarwa, don haka matuƙin da ke tafiya ta ƙasa da rediyonsa a jaka yana bukatar riƙe lasisinsa da takardun na'urar a kusa.