Dattijo da Kekensa: Komawa Kan Sirdi Bayan Karaya



A garuruwanmu, tun daga Tawa, Maraɗi da Damagaram har zuwa Garwa da Marwa, keke ƙafar dattijo ne. Da shi yake zuwa masallacin Juma'a, da shi yake kai gaisuwar ta'aziyya, da shi yake leƙa gona ya komo da harawar tumaki. Akwai dattawan da suka shekara talatin da Raleigh ko Phoenix ɗinsu, har an san su da ƙarar ƙararrawarsa. Saboda haka, ranar da ɗan kabu-kabu ya banke dattijo, ko rairayi ya kwashe tayarsa ya faɗi ya karye, yakan yi asarar abu biyu: lafiyar ƙashinsa da ƴancin zirga-zirgarsa. Da zarar ya fara samun sauƙi, sai gardama ta tashi a gida. Shi yana tambayar kekensa, ƴaƴa kuwa sun ɓoye shi a ɗakin ajiya, wasu ma sun sayar. Kowa da gaskiyarsa, amma akwai hanyar da za ta gamsar da ɓangarorin biyu.

Ƙashin tsoho ba na yaro ba ne

Yayin da shekaru suka ja, ƙashi yakan rage ƙwari, musamman ga mata bayan yankewar al'ada. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya kakkaɓe rigarsa, ita ce ke karya ƙugun ɗan shekara saba'in. Karayar wuyan hannu takan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin ta haɗe, ta ƙashin cinya kuwa wata uku zuwa shida. Karayar ƙugu galibi sai an yi tiyata, kuma likitoci sun fi son a yi ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba a raina hikimar maɗoran gargajiya, amma irin wannan karaya mai zurfi tsinke da tsumma ba su kai gare ta. Ɗaurin da ya matse fiye da kima kuma yana iya tsare jini har gaɓa ta ruɓe. Don haka hoton ƙashi, wanda aka fi sani da radiyo, shi ne farkon magani.

Bayan ƙashi ya haɗe, sauran aikin na tsoka ne. Kwana goma na kwanciya sun isa su rage naman ƙafar dattijo da ƙarfinta. A nan ne keke ke da amfani, domin sirdi ke ɗaukar nauyin jiki, gwiwa da ƙugu na motsi ba tare da dukan ƙasa ba. Shi ya sa masu gashin ƙashi, wato kine, suke ajiye keken tsaye a ɗakunan aikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta so wanda ya kai shekara 65 ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, ya kuma yi atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako don gudun faɗuwa.

Sannu ba ta hana zuwa

Gaggawa ce babbar abokiyar gaba. A watan Yuni na 2019, Chris Froome, gwanin da ya ci tseren keke na zagayen Faransa sau huɗu, ya yi karo da bango ya karya cinya yana ɗan shekara 34. Duk da ƙwararrun likitocin da ke kewaye da shi, sai a Fabrairun 2020 ya sake shiga tsere. Idan saurayin da keke ne sana'arsa ya jira wata takwas, ina ga Baba mai jikoki? Sai dai tsufa shi kaɗai bai hana tuƙi. Bafaranshen nan Robert Marchand ya tuƙa fiye da kilomita 22 cikin sa'a ɗaya a Janairun 2017, yana da shekara 105.

Matakin farko shi ne izinin likita bayan ya duba sabon hoto. Daga nan dattijo ya gwada kansa a tsakar gida: yana iya tafiya ba sanda? Yana iya tsayuwa da ƙafar da ta karye kusa da bango, ya ƙirga goma? Yana iya waiwayawa ya ga bayansa ba jiri? Hannunsa na iya matse birki da ƙarfi? Idan ɗaya ta gagara, lokaci bai yi ba.

Idan duka sun samu, ya fara da tura keken da ƙafa, yana gwada birki. Bayan ƴan kwanaki ya hau a fili mai tauri, wanda ba rairayi ba ababen hawa, da sanyin safiya, ɗansa ko jikansa na gefe. Minti goma sun isa. A sauke sirdi yadda ƙafafu biyu za su taɓa ƙasa, a riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan. Wanda aka sa wa ƙugun ƙarfe ya nemi shawarar kine kan tsawon sirdi, domin lanƙwasa ƙugu da yawa na da haɗari a makonnin farko, kamar yadda akan umurce shi ya yi salla a kan kujera, abin da shari'a ta sauƙaƙa wa majiyyaci. Ciwon da ya kwana har gobe, ko kumburi, alama ce ta a ja baya. Jiri, ciwon ƙirji, ko kumburin sha-raɓa mai zafi kuwa, sai asibiti nan take.

Abin da ke kan iyali

Mafi wuya ga wanda ya karye a ƙugu shi ne ɗaga ƙafa ya tsallake sirdi. Keken da ba shi da ƙarfen tsakiya, wanda muke kira keken mata, shi ne maganin wannan, kuma babu abin kunya a cikinsa. A kai keke wurin mai gyara ya duba birki, taya da sarƙa, a sa fitila. Babbar riga a naɗe ta da kyau, kada sarƙa ta kama ta. A duba idon Baba ko akwai yana, a gwada jinsa, a kuma tambayi likita ko maganin hawan jini ko na sukari da yake sha na kawo jiri. A guji tuƙi da almuru, da ranar hazo, da tsakar ranar bazara, da kwaltar da manyan motoci ke bi.

Hular kwano ba ta rage girman dattijo, rawaninsa na iya jira cikin jaka har ya isa. Buguwar kai ga tsoho na iya jawo zubar jini a hankali cikin ƙoƙon kai, alamarta ba ta fito ba sai bayan makonni: ciwon kai, yawan barci ko rikicewar magana. Wanda ya ga haka ya garzaya da shi asibiti.

Akwai kuma wanda likita zai ce masa hawa ya ƙare. Irin wannan ya karɓi hukuncin Allah da haƙuri, ko a nema masa keke mai ƙafa uku, ƴaƴa kuma su raba kwanakin kai shi masallaci da zumunci. Abin da bai dace ba shi ne a yanke hukunci a bayan idonsa. A zauna da shi cikin ladabi a ce: “Baba, ba hana ka muke yi ba, so muke ka hau ka komo mana lafiya.” Jiki amana ne, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa iyayenmu ƙarfi da nisan kwana mai albarka, Ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe. Amin.