Manhajar da ke tafe da guzurinta

Duk wanda ya ɗan jima da Linux ya san wannan takaicin: ka sauko da manhaja, sunan fayil ɗin ya ƙare da .deb, ka kai shi kwamfuta mai Fedora, ta ce ba ta san zancen ba. Ita .rpm ta sani, Arch kuma da pacman take aiki. Amma bambancin ƙunshi ba shi ne tushen matsalar ba.

Manhajar Linux kamar ɗan haya take a gidan yawa, rijiya da murhu duk tarar da su take yi. Waɗannan kayan tarayya su ake kira laburare, wato guntayen manhaja masu zana taga, buɗe hoto ko ɓoye saƙo. Idan ka buga apt install a Debian ko Ubuntu, apt zai duba abin da manhajar ke buƙata, ya jawo shi daga rumbun gidan. Ina ganin ƙimar wannan tsari ƙwarai, domin in aka gano ɓaraka a laburare ɗaya, gyara guda ya wadaci kowa. Sai dai Debian kan riƙe zubi ɗaya kusan shekara biyu don kada abu ya lalace, Arch kuwa sabo take ɗauka da zarar ya fito. Manhajar da aka gina a kan sabon laburare sai ta nema ta rasa a Debian.

Shi ya sa aka ce kowace manhaja ta taho da guzurinta. AppImage, wanda Simon Peter ya fara da sunan klik a 2004, fayil ɗaya ne tal: ka ba shi izinin aiki, ka danna, shi ke nan. Snap na kamfanin Canonical ne, kuma shagonsa a hannun kamfanin kaɗai yake, abin da ya sa Linux Mint ta toshe shi a 2020.

Flatpak na Alexander Larsson, tsarin da ya samu wannan suna a 2016, shi ya fi kwanta mini a rai, don ya raba gardama. A tsarinsa, manhajoji da yawa suna zaune a kan harsashin laburare ɗaya, na GNOME ko na KDE ko na Freedesktop. Saukarwar farko daga Flathub, shagon Flatpak, takan ci ɗaruruwan megabayit, kuma mai sayen data da kuɗinsa zai ji a jikinsa. Amma manhaja ta biyu mai harsashi iri ɗaya, kayanta kawai za ta sauko da su, ko Fedora kake kai ko Debian.