Haɗa Ƙarfe da Ƙarfe: Daga Maƙerar Haɗeja zuwa Waldar Nakiya a Cikin Ruwa

1.0 Gabatarwa

Ƙira tana daga cikin sana'o'in gargajiya da ake koyarwa a darasin Hausa, amma sau da yawa akan tsaya ga lissafa kayan aiki kawai: uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi. Wannan babi zai yi bayani a kan matsala guda da ta shafi maƙerin gargajiya da injiniyan zamani, wato yadda ake haɗa ƙarfe iri biyu su zama ɗaya.

2.0 Dalilin Haɗa Ƙarfe

Ƙasar Haɗeja ƙasa ce ta fadama. Kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, shi yake shayar da gonakin shinkafa da alkama a yankunan Auyo da Kirikasamma da Guri. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, kuma kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Saboda haka lauje da adda da garma ba sa hutawa, ga kuma tsatsa da laima ke jawowa.

Ƙarfe iri ɗaya ba ya biyan duk waɗannan buƙatu. Wanda yake da sinadarin kabon da yawa yana da tauri, yana riƙe kaifi, amma yakan karye. Mai ƙarancin kabon ba ya saurin karyewa, sai dai yakan lanƙwashe, ya kuma dakushe. Ƙarfe marar tsatsa kuwa, wanda yake ɗauke da aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na kuromiyam, yana da tsada. Dabarar ita ce a haɗa biyu, kowanne ya rufe aibin ɗan'uwansa.

3.0 Haɗin Maƙera da Walda

Maƙeri yakan sa ƙarafa biyu a cikin garwashin gawayi, a yi ta zuga har su yi fari suna tartsatsi, sannan ya ɗora su a kan uwar maƙera ya buge su da masaba har su manne. Ƙarfen ba ya zama ruwa a wannan aiki. Zafi da bugu ne suke haɗa shi. Shi kuwa mai walda narkar da bakin ƙarafan yake yi. Matsalar walda ita ce, idan ƙarafan sun bambanta ƙwarai, narkakken wurin yakan zama mai saurin tsagewa. Haka kuma ba ta iya manne fuskar babban falle gaba ɗaya, sai gefensa.

4.0 Waldar Nakiya

Tun a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka lura cewa ɓarɓashin harsashi yakan manne a jikin ƙarfen da ya buga. Kamfanin DuPont na Amurka ya mayar da wannan abu fasaha, ya kuma samu rajistar haƙƙin mallakarta a 1964.

Ana shimfiɗa falle mai kauri a ƙasa, a ɗora na biyu a samansa tare da barin ɗan tsakani, sannan a shimfiɗa nakiya a bisa na sama. Idan aka tayar da ita daga gefe ɗaya, fallen sama yakan faɗa wa na ƙasa a karkace, da gudun ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa guda. Wannan karo yana feso dauɗa da tsatsar da ke fuskokin biyu waje, sai tsabtataccen ƙarfe ya gamu da tsabtatacce, su manne. Idan aka yanka aka duba da madubin ƙara girma, akan ga mahaɗar tana da siffar igiyar ruwa. Hausawa kan ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, to a nan da sanyinsa ake bugunsa.

5.0 Amfanin Ruwa

Falle marar kauri yakan yage ko ya ƙone idan nakiya ta taɓa shi kai tsaye. Domin haka masu bincike, musamman a Jami'ar Kumamoto ta ƙasar Japan, suka bunƙasa hanyar yin aikin a cikin ruwa. Ana nesanta nakiyar daga fallen, a toshe tsakanin fallayen biyu don kada ruwa ya shiga. Da yake ruwa ba ya matsuwa da sauƙi, shi yake ɗaukar ƙarfin fashewar ya isar da shi ga fallen, ya kuma tare zafin. Ta haka ake samun falle mai cikin ƙarfe mai araha da fuska marar tsatsa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa maƙeri da injiniya buƙatarsu ɗaya: fuska mai tsabta da bugu mai ƙarfi. Malamin da ya fara darasinsa daga maƙerar garinsu zai iya kai ɗalibai ga fasahar zamani da harshensu. Idan kuwa ya tsaya ga haddar sunayen kayan aiki, yara za su ɗauka cewa Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya.

Tambayoyi

1. Bambanta haɗin maƙera da walda.
2. Wane aiki ruwa yake yi a waldar nakiya?
3. Ziyarci wata maƙera, ka tattaro kalmomi goma da suka shafi sarrafa ƙarfe tare da ma'anoninsu.