Bayan Cire Turmin Ƙarshe: Kwanaki Ukun da Ba a Sakaci da Su

Turmin ƙarshe, wanda likitoci ke kira dent de sagesse da Faransanci, yakan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Sau da yawa ba ya samun wuri a muƙamuƙi, sai ya karkace ko ya maƙale cikin dasashi, har a cire shi. Mu kuwa mukan ɗauka da an cire haƙori magana ta ƙare. Alhali kuwa a nan kulawa take farawa.

A ramin da haƙorin ya bari jini yakan daskare ya toshe ƙashi. Wannan gudan jini shi ne murfin rauni. Saboda haka a rana ta farko kada a kurkure baki da ƙarfi, kada a yawaita tofar da yawu, a guji taba da goro da shayi mai zafi, a kuma nisanta asuwaki daga wurin. Mai alwala ya sa ruwa a hankali. A mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba. Daga rana ta biyu a riƙa wanke baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

In gudan jinin ya fita, ƙashi yakan zauna a buɗe. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai zogi mai tsanani ya taso har kunne, baki ya yi wari. Likita ne zai wanke ramin ya sa magani.

Kumburi na kwana biyu ko uku ba abin tsoro ba ne. Amma in ya ci gaba da ƙaruwa bayan haka, ga zazzaɓi da ya haura digiri 38, ga mugunya, ga baki ya ƙi buɗuwa, to ƙwayoyin cuta sun shiga. In kumburin ya gangara wuya, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, ba a jiran gari ya waye: a garzaya asibitin Yalgado Ouédraogo, inda akwai sashen tiyatar baki da fuska. Irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro ya kai ga rasa rai. Masu ciwon sukari su fi kowa hattara.

Tun da aikin ZACA ya tashe mu daga Peuloghin da Zangouettin a 2003, gidaje da yawa sun yi nisa da tsakiyar Wagadugu. Nisa kan sa mutum ya sayi ƙwayoyi a bakin titi. Magunguna irin su diclofenac sukan kwantar da zogi, amma ba sa kashe cuta; tana nan tana yaɗuwa a ɓoye. Haka nan wanda likita ya rubuta wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shanye shi daidai kwanakin da aka faɗa.

Iyaye, mu duba fuskar yaranmu safe da yamma a waɗannan kwanaki. Kuɗin mota zuwa asibiti ya fi kwanciya a can sauƙi. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.