Gasar Zari-Ruga ta Ƙasashe da Rabon Najeriya a Cikinta

Wasan zari-ruga iri biyu ne. Akwai mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, wanda aka fi sani, akwai kuma mai 'yan wasa 13 da ake kira lig. Na biyun ya samo asali ne a ranar 29 ga Agusta, 1895, lokacin da ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle daga uwar hukuma. Dalilin rabuwar kuɗi ne. Yawancin 'yan wasan yankin ma'aikatan masaƙu ne da mahaƙan kwal, duk ranar da suka fita fili sun yi asarar kuɗin yini, hukumar kuma ta haramta a biya su diyya. Talaka ba zai yi wasa da yunwa a gida ba, shi ya sa suka kafa nasu tsarin.

Ana buga wasan na minti 80 da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ɗan wasa zai rungume ta ya ruga, ba a kuma yarda ya jefa wa abokinsa ita gaba ba, sai gefe ko baya. Abokan hamayya za su tare shi su kai shi ƙasa, kamar yadda ɗan kokawa ke kayar da abokin karawarsa. Da an kayar da shi sai ya tashi, ya ajiye ƙwallon, ya tura ta baya da tafin ƙafa, na bayansa ya ɗauka. Idan an kayar da ƙungiya sau shida ba ta ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya dangwala ta bayan layin ƙarshe ya ci maki 4, bugun da ke biyo baya kuma maki 2 ne.

An fara gasar cin kofin duniya ta wannan wasa a Faransa a 1954, da ƙasashe huɗu kacal: Faransa, Birtaniya, Ostireliya da New Zealand. Birtaniya ta doke mai masaukin baƙi da 16 da 12 a birnin Paris. Daga baya Ostireliya ta mamaye kofin, ta ɗauke shi sau 12, ciki har da gasar da aka yi a Ingila a 2022, bayan annobar korona ta sa an ɗage ta da shekara guda. A wasan ƙarshe ta ci Samoa 30 da 10 a filin Old Trafford. Zuwan Samoa wannan mataki babban abu ne, domin ƙaramar ƙasa ce ta tsibirai a tekun Fasifik.

Najeriya ta shigo a makare, amma ta shigo da ƙarfinta. A watan Oktoban 2019 ta karɓi gasar yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka a filin Teslim Balogun da ke Legas, tare da Gana, Kamaru da Maroko, ta kuma ɗauki kofin bayan ta doke Maroko. A 2022 ta sake riƙe shi a birnin Akra, inda ta ci Gana a wasan ƙarshe. Tun kafin wannan, Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya yi suna a Ingila a matsayin ɗaya daga cikin mafiya gudu a tarihin wasan.

Abin takaici, 'yan Arewa ƙalilan ne suka san da waɗannan nasarori, alhali zari-ruga ba baƙo ba ne a nan, tunda ƙungiyar Barewa ta Kano ta daɗe tana buga mai 'yan wasa 15. Wasan ba ya neman kaya masu tsada, fili mai laushi da ƙwallo da mai horarwa sun isa a fara. Ya kamata hukumomin wasanni na Jihar Kaduna su kai shi makarantun sakandare, daga Zariya har Birnin Gwari, inda matasa masu ƙarfi da gudu ke buƙatar abin da zai haɗa su a fili ɗaya.