Dajin da Ya Sake Tsirowa a Ƙarƙashin Teku

Mu da muka saba da rafi da tafki, da wuya mu yarda akwai daji a cikin teku. Amma a tsibirin Goat, arewa da Okland a ƙasar Niu Zilan, masu nutso sukan goya tulun iska su sauka su gan shi.

A dā duwatsun wurin sun zama fayau, gama masunta sun kwashe manyan kifayen da ke cin bushiyar teku, ita kuwa ta yawaita ta cinye ciyayin. A 1975 aka hana kamun kifi. Sannu a hankali kifaye suka girma, bushiya ta ragu, dajin ya dawo.

Mai nutso kallo kaɗai yake yi, ko ƙwanso ba ya ɗauka. Ashe, 'yan'uwa, wani gyaran sai an janye hannu.